Saniyar Da Ta Fasa Wa Mutari Hanta

Bari in fara da abin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kansa, tunda kun dame ni da tambaya: ni ce na fasa wa Mutari hanta. Ba wai da baƙar magana ba. Hanta dai ta cikin ciki, irin wadda ake gasawa da kitse a barbaɗa mata yaji. Wadda za ta zage ni ta ɗan dakata ta ji yadda aka yi, sai ta zaga da hujja.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Saratu, 'yar Malam Ɗanjuma mahauci, mai tebur na uku in kun shiga layin nama a kasuwar Petit Marché. Asalinmu Maraɗi, amma a Yamai aka binne cibiyata. Mutari kuwa tela ne a unguwar Kalley, ɗan Tawa, dogo siriri, ga kunya kamar ta kashe shi. Shekara biyu yana zuwa zance ƙofar gidanmu, ban jin ya taɓa ɗaga ido ya ga launin hular Baba. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa tana can Tawa, kawunsa Haruna ne ke tsaye a kan maganar aurensa a nan.

Shekarar ita ce wadda sojoji suka karɓi mulki da rana tsaka, mutane na cikin cin abinci. Daminar da ta wuce ta yi gardama, hatsi ya yi wuya, mutanen ƙauye sun cika gari da ƙullin kayansu a ka. Makiyaya na koro shanu suna sayarwa kafin su mace a hannunsu. Kullum Baba ya dawo daga kasuwa sai ya ce yau ma ya buɗe tumbin saniya ya tarar da yashi da leda. A cikin wannan hali aka sa rana: Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dangin Mutari za su kawo goron tambaya.

Ranar Alhamis na ce wa Inna zan je gidan ƙawata Zainabu a sa mini lalle. Ban yi ƙarya duka ba, an sa mini a hannu. Na ƙafa ne ban tsaya ba, don Mutari na jirana a bakin hanya da motonsa, wato babur.

Ku fahimce ni. Tun ina koleji nake ganin mata ma'aikata suna wucewa a kan moto, jaka a kafaɗa, baƙin gilashi a ido, mayafi na kaɗawa, raina na biyawa. Sati uku ina damun Mutari ya koya mini.

"Ki bari a ɗaura aure mana," in ji shi.

"Na san halinku. Da an shafa fatiha sai ka ce matarka ba ta hawa moto. In ba ka koya mini yau ba, ka ce wa Kawu Haruna ya cinye goronsa."

Barazana ce kawai, amma bawan Allah ya ɗauka da gaske. Muka haye gada zuwa Harobanda, inda ba wanda ya san mu. Kogi ya janye har tsibiran yashi sun fito. Ya sami wani fili a bayan katangar da ba a gama ginawa ba, ya ɗora ni, shi kuma ya tsaya a gabana yana riƙe da kan moton, yana ja da baya a hankali. Har baƙin gilashinsa na karɓa na saka, don in za a yi abu a yi shi da kyau.

"Wannan birki ne. Wannan kuwa kada ki murɗa shi sai na ce."

"Na ji. Jahila ka ɗauke ni?"

"Ban ce ba. A hankali dai."

Sai wata akuya ta ratso daga bayan katanga. Akuya fa, ramammiya, wadda ko kallona ba ta yi ba. Na tsorata, maimakon in matse birki na murɗa abin da aka ce kada in murɗa. Moto ya zabura, kansa ya juya, bakin hannun ya caki Mutari a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya haɗa shi da katanga. Ni kuma na faɗi gefe, bututun hayaƙi ya manne mini a sha-raɓa. Na ji ƙaurin fatata da hancina.

Shi ya riga ni tashi. Yana dafe da ciki, yana dariyar dole, abin da ya fara tambaya shi ne, "Kin ji ciwo?" Ya tare mini taksi ya ce in wuce gida kafin a neme ni, shi ba abin da ya same shi.

Lokacin ba wayoyin shafawa, 'yar salula ce mai tocila a ka, sai saƙo da bip, wato ka kira ka katse. Bayan magariba saƙonsa ya shigo: "Amarya direba, ya ƙafa? Ni garau. Kafaɗar dama ce kawai ke ɗan sara."

Na rubuta masa: "Kafaɗa kuma? Ai ba nan na buge ka ba. Raki."

Daga baya na ji daga bakin likita cewa jini ne ke taruwa a cikinsa, shi ke sa kafaɗa ciwo. Har yau in na tuna kalmar nan "raki" sai in ji kamar in mari kaina. A ranar dai man goge baki na shafa wa ƙunar, na ɗauki doguwar safar Inna ta zuwa masallaci na saka. A watan Mayu, a Yamai, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Inna ta tambaya, na ce lallen ƙafar ne bai kama da kyau ba, kunya nake ji a gani.

Ranar Juma'a Baba ya yanka ragon da ya yi wata uku yana ba shi dussa da hannunsa, a shekarar da mutane ke neman dussar su ci. Ya gayyato manyan mahauta, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, ya sa farar shaddarsa mai aikin wuya, wadda ba ta fitowa sai sallah. Inna da Gwaggo Ladi, yayar Baba, suka yi shinkafa da miya, da dambu da zogale. Ni ina ɗaki cikin leshi ruwan zuma, ɗauri ya zauna, kwalli ya zauna, ga safa baƙa ƙirin a ƙasa.

Aka sauko daga masallaci. Ƙarfe uku ta yi. Na yi wa Mutari bip sau goma sha ɗaya, waya a kashe. Aka kira la'asar, aka yi, aka dawo aka zauna, hira ta ƙare har aka koma zancen ko sojoji za su sauka kamar yadda suka yi alkawari. Sai wajen ƙarfe biyar Kawu Haruna ya kira Baba a waya, ya ce Mutari na gidan likita. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna "Allah shi sawwaƙe", kowa da ƙullin namansa a leda. Baba ya shigo ya cire shaddar ya ninke da kansa.

Washegari Kawu Haruna ya zo ya durƙusa a zaure, ni kuma ina bayan labule. Ya ce da safiyar Juma'a Mutari na gugar rigar da zai sa, sai ya yanke jiki ya faɗi, tafin hannunsa fari fat. Suka kwashe shi zuwa wata kilinik, aka haska cikinsa aka ga jini ya taru, hanta ta tsage. A ruɗe suke, shi ya sa ba wanda ya tuna da waya. An yi masa aiki, ya farfaɗo.

"Mi ya same shi?" in ji Baba.

"Cewa ya yi saniya ce ta tunkuye shi a bakin gada, ranar Alhamis."

Baba ya dube shi. "Saniya. Bana."

"Haka ya ce, Malam."

"To. Allah shi ƙara sauƙi."

Na saki labulen. Na zauna a kan buhun gawayi cikin zanen kirki ina kuka ba sauti, rabi na tausayinsa, rabi na tsoron kaina.

Ranar Talata Baba ya tashi kasuwa da wuri, ya sayi lemo, ya tafi dubiya. Aka ce masa ai an sallami mai jinyar da safe, da ƙafarsa ya fita. Baba ya dawo da lemonsa ya ajiye a tsakar gida. Laraba wani ya zo ya ce ya ga Mutari zaune a benci ƙofar shagonsa yana shan shayi.

Nan Gwaggo Ladi ta karɓi shari'ar. Ita an taɓa yi mata aiki a ciki shekarun baya, ta yi kwana arba'in a kwance, kuma tabon ya zame mata kamar lambar yabo. Ba macen da za ta shigo gidanta ta fita ba a nuna mata shi ba, daga ƙirji har ƙasan cibiya. Ta yafa mayafi ta tafi Kalley dubiya. Da yake Allah bai raba mata kunya ba, a gaban abokan ɗinkinsa ta kama rigar Mutari ta ɗaga.

Ta dawo tun daga zaure take magana. "Ɗanjuma, filasta huɗu 'yan mitsi-mitsi. Ko wace ba ta kai kan yatsana ba. Wanzami in ya yi maka ƙaho ya fi haka yanka. Wai nan aka yi aikin hanta."

Baba na zaune a kan kujerarsa ta tsakar gida yana wasa wuƙa. Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina fiɗa. Hanta tana can ƙarƙashin haƙarƙari. Ko ta ɗan akuya ba ka kai mata hannu sai ka buɗe ciki. Shi kuma an gyara tashi ta hujin da ɓera ba ya shiga? Sannan saniyar bana, wadda sai mutum huɗu sun ɗaga ta take tsayuwa, ita ta tunkuyi ƙato har ta fasa mai hanta?" Ya gwada wuƙar a farcensa. "Ƙarya biyu a zance ɗaya. Yaron nan tsoron aure ya ji, ya ɓoye, ya sa kawunshi ya rufa mai. Ni kuma ya bar ni da dattawa a zaure."

"Ai ga ɗan ƙanen mijina nan, kofur ne," in ji Gwaggo. "Yanzu kuma lokacinsu ne, a tura shi ya koya wa yaron hankali."

Kofur ɗin na san shi. Tun ranar juyin mulki bai sake cire kaki ba, har suna da shi yake zuwa, sai ka ce shi ya kama fadar da hannunsa, alhali a ma'ajin man motoci yake aiki. Inna ta ce a bar maganar kofur tukuna. Baba bai ce a bari ba, bai ce a yi ba.

Bai tsaya a gida ba. A layin nama ya faɗa, a gaban duk waɗanda suka zauna a zaurenmu ran Juma'a, cewa telan Kalley maƙaryaci ne. Kafin sati ya zagayo har masu tumatir sun san labarin saniya. Wasu suka riƙa bi ta gaban shagon Mutari suna kukan shanu. Mata biyu suka je suka karɓe ɗinkinsu.

A cikin maganar nan ɗaya ƙarya ce ɗaya gaskiya, kuma duk duniya ni kaɗai ke iya raba su. In na buɗe baki, to na faɗi cewa na yi wa Inna ƙarya, na haye gada da namiji ana gobe kawo gorona, na hau moto na kusa kashe ɗan mutane. Sai na ja bakina na yi shiru. Ina zuba wa Baba ruwan alwala yana cewa maƙaryaci, ni ina cewa "Ga buta, Baba."

Na dai tura wa Mutari saƙo: "Zan faɗa masa."

Ya amsa: "Kada ki soma. Ni namiji ne, zagi ba ya kashe ni. Ke in sunanki ya ɓaci a kasuwa fa?"

"Cewa yake kai maƙaryaci ne."

"To ai na yi ƙaryar. Saniya ce dai. Mai baƙin gilashi."

Na yi dariya, na yi kuka, na goge saƙon. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku: daɗi na ji da ya hana ni. Dama so nake ya hana ni, shi ya sa na tambaya.

Ranar Lahadi Kawu Haruna ya dawo neman a sa wata rana. Baba ya ce ba rana, su riƙe goronsu. Kawu ya ce to alfarma ɗaya yake roƙo: gobe Litinin za a cire wa yaron zare, Malam ya zo ya ga likitan da idonsa, in ya ga ƙarya ce shi ke nan.

"Ina zuwa," in ji Baba. "In ga mahaucin da ya fi ni." Ya juyo wajen labule, don ya san ina nan. "Ke ma ki shirya. Ki ji da kunnenki, kada gobe ki ce na raba ki da shi bisa zalunci."

Muka je da hantsi, ni da hijabi ruwan toka da safata. Kawu Haruna na can. Mutari na zaune a bakin gadon dubawa, ya rame, da ya ga Baba ya zame zai durƙusa, Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Likitan sunansa Sumana, gajeren Bazabarme mai sanƙo, Hausarsa irin ta Yamai, da Faransanci a tsakiya. Ya fara tambayar Mutari ko ya yarda a yi maganar cikinsa a gabanmu. Mutari ya ɗaga kai.

"Baba, an ce kai mahauci ne," in ji likita.

"An ce kai kana kai wa hanta hannu ba ka buɗe ciki ba."

"Hannu a'a. Wannan nake kai mata." Ya jawo tire ya buɗe. Wasu dogayen ƙarafa ne sirara, kowane da 'yar almakashi ko ɗan baki a ƙarshe.

Baba ya leƙa. "Tsinken tsire."

"Kusan haka. Ka ga, da jininsa ya ci gaba da zuba, tansiyo, wato bugun jini, ta faɗi, da na buɗe shi daga nan zuwa nan kamar yadda kake faɗi, ba gardama. Wani in an kawo shi ba a jira. Wani kuma ko taɓa shi ba ma yi, kwantar da shi kawai muke muna dubawa. Shi nasa tsakiya ne: jinin ya taru da yawa, yana tsiyaya kaɗan-kaɗan, amma jikinsa ya riƙe. Muka ƙara masa jini, muka sa shi barci, muka hura masa iska a ciki ya kumbura, don a sami wurin aiki."

"Tsaya," in ji Baba. "Kun hura shi?"

"Mun hura shi."

"Mu ma hura akuya muke kafin fiɗa. A ƙafa ake hudawa."

"To mu a cibiya. Ta nan kamara ke shiga, sauran hujin na ƙarafan ne. Na zuƙe jinin, na wanke wurin, na ƙona bakin jijiyoyin da ke tsiyaya, na manna wani abu kamar auduga a tsagar, na bar roba kwana biyu ta fitar da saura. Daga nan hanta ita ke gyara kanta. Ka ga sana'armu ɗaya, Baba. Sai dai ni nawa suna tashi."

Kawu Haruna ya yi dariya shi kaɗai. Baba ya ce, "Baki kowa na da shi."

Likita bai ji haushi ba. Ya juyo da allon na'urarsa, ya ce aikin duka an ɗauka, ya danna. Ni kallo ɗaya na yi na kau da kai, don ban shirya ganin cikin wanda zan aura tun kafin a kawo goro ba. Baba kuwa ya zaro gilashinsa mai ɗaurin zare ya saka, ya ja kujera har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Wannan kitse ne," ya ce a hankali. "Ga hanji. Ga maɗaciya nan, kada ka taɓa ta." Da likitan cikin allo yake magana. "Yawwa, bi ta gefe." Can ya gyara gilashinsa. "Hanta ce. Wallahi hanta ce."

"Ta wa za ta zama?" in ji likita.

"Dubi santsi. Dubi launi. Ba tsutsa, ba ƙari ko ɗaya. Yaron nan bai taɓa shan abin banza ba." Ya girgiza kai. "Bana duka ban yanka dabba mai hanta irin wagga ba."

Na saci kallon Mutari. Mutum ne da ake yabon hantarsa a gaban surukinsa, bai san ko ya ce na gode ba. Ni kuwa zuciyata ta yi sanyi, na ce shi ke nan, an wanke shi, ni ma na tsira, kowa ya tafi gida. Ashe ban san ubana ba.

"Koma baya," in ji Baba. "Nan. Tsaya." Ya nuna tsagar da yatsa. Ya daɗe yana kallo. "Likita, mi ya ce ya buge shi?"

"Abin da mai jinya ya faɗa mini na rubuta. Saniya."

"Na ga abin da ƙaho ke yi wa ciki, na ga na kofato. Ba haka suke ba." Ya juya, karo na farko ya dubi Mutari ido cikin ido. "Ɗaga rigarka."

Mutari ya ƙanƙame bakin rigar, kansa a ƙasa.

"Kunyar mi kuma? Na riga na ga cikinka har maɗaciya. Ɗaga."

Ya ɗaga. Ga 'yan huji huɗu da Gwaggo ta raina. A sama da su, ƙarƙashin haƙarƙari, ga wani shaci da Gwaggo ba ta kula da shi ba, don ita tabo ta je nema. Kewayayye ne tas kamar an ɗora murfin kwalba an danna, ya fara komawa ruwan ɗorawa. Baba ya gwada faɗinsa da babban yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"Saniyar nan ƙahonta na roba ne," ya ce. "Ina motonka?"

"Yana gida, Baba."

"Kai ke tuƙi kuma ya cake ka daga gaba?"

Baba bai dubi fuskata ba. Ƙafata ya duba, safar nan baƙa da na yi kwana goma sha ɗaya ina gumi a cikinta, ina ɗingishi in na ga ba mai kallo. Ya cire gilashi ya ninke, ya yi wa likita godiya da Zabarmanci, ya ce da akwai rago da ya ba shi. Ya fita, na bi shi.

A ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar kilinik ya tsaya. Na durƙusa a kan ƙasa mai zafi.

"Ƙuna ce?"

"Ƙuna ce, Baba."

"Ke ke bisa?"

"Ni ce."

Na jira mari, ko zagi, ko ya ce na zubar masa da mutunci. Da ya yi hakan da na fi jin sauƙi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hawan moto wauta ce, ta yara. Ƙetare gada da shi, wannan tsakaninki da uwarki. Amma Saratu, sati guda ina kiran ɗan mutane maƙaryaci a gaban kasuwa, yaron da ya kusa mutuwa yana rufa miki asiri. Kina tsaye kina miƙo mini buta. Kika bar ni na ɗauki alhakinshi."

Na ce, "Tsoro na ji."

"Na sani. Shi bai ji ba?"

Ya ce gobe da safe in same shi a tebur. Inda ya ɓata sunan yaron, nan zai gyara. Shi zai faɗi nasa laifin, ni in faɗi nawa. In na faɗa, Juma'a su kawo goro. In ban iya ba, ba zai tilasta mini ba, amma ba zai ba wa mutumin kirki matar da za ta bari a ci mutuncinsa tana kallo ba.

"Shi na ga cikinshi," ya ce. "Ke ce ban gani ba."

Talata da safe na sa atamfa shuɗiya da farin mayafi, na cire safar na jefar, na ɗaure ƙunar da bandeji. Wanda ya san layin nama a Petit Marché ya san ƙarar wurin: sara, ƙudaje, ciniki da Hausa da Zabarmanci, mata na ja-in-ja a kan ƙashi. Baba ya buga bayan wuƙarsa a kan kututture sau uku. Ya ce shi Ɗanjuma ya yi wa telan Kalley ƙazafi. Aiki an yi, ya gani da idonsa, ta huji huɗu, kuma duk mai gardama ya zo ya kai shi ya gani. Ya ce shekara talatin da biyar yana taƙama ya san ciki, ashe da saura.

"Maganar saniya kuwa," ya ce, "ga mai ita nan."

Wuƙaƙe suka tsaya. Can bayan mai kayan miya na hango Mutari, ya lallaɓo ya zo, yana girgiza mini kai wai kada in yi. Na dubi ƙasa, na dubi Baba, ya ci gaba da gyara nama kamar ba shi ya tara mutane ba.

Na ce, "Babu wata saniya. Ni ce na buge shi da moto."

Na faɗi sauran duka, har akuyar, har gilashin. Wani tsoho daga tebur na biyar ya fara dariya, ta bi layi har ƙarshe. Wata mata ta ce Allah shi kyauta, 'yan matan yanzu. Na tsaya na sha, hawaye na zuba, amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san girmansa ba sai da ya tafi.

Baba ya jawo hantar rago, mafi kyau a teburinsa, wadda wani mai gidan abinci ya riga ya sa a ajiye masa. Ya naɗe ta a takarda ya miƙo mini.

"Kai wa surukina," ya ce. "Likita ya ce yana buƙatar jini."

Na juya ban ga Mutari ba, kunya ta kore shi. Ina fita bakin kasuwa da ƙullin hanta a hannu, ina share ido, ina lissafin wane leshi zan sa ran Juma'a, sai salula ta yi ƙara. Shi ne.

"Kawu ya kira Tawa tun jiya ya faɗa musu komai. Innata ta shiga motar safe."

Ban gama karantawa ba na biyu ya shigo.

"Ta ce kada a kai goro sai ta zo. Tana son ta ga saniyar da idonta."